Zuwa Ga Yaya a Managil

Faisal, Jiza,
Oktoba 2025.

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna da iyali da mutanen gida baki ɗaya. Ina gajiya, ina aikin gona, yaya ƙoƙari da jama'a? An ce mini dawa ta yi kyau bana a wajenmu duk da ruwan tur'a, magudanar ban ruwa, ya makara. Allah Ya sa a girbe lafiya.

Wani yaro ɗan Alƙurashi ne zai kawo maka wannan hannu da hannu. Yana cikin masu hawa jirgin ƙasan nan na kyauta da ke kwasar 'yan Sudan daga tashar Ramsis zuwa Aswan tun watan Yuli. Na zaɓi rubutu saboda saƙon murya ba ya ɗaukar abin da ke cikina. Ka karanta wa Inna, amma akwai wurin da zan roƙe ka ka tsallake mata, zan nuna maka in mun iso.

Na saurari saƙonka na ƙarshe har na kusa haddace shi. Ka ce soja sun koma Madani tun 11 ga Janairu, hanya ta buɗe, waɗanda suka fi ni dalilin gudu ma sun dawo sun share gidajensu. Ka ce Baffa da na rako ya riga mu gidan gaskiya, to zaman me nake yi. Ka ce a majalisa ana faɗin burodin Masar ne ya riƙe ni. Ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ban ji haushi ba, Yaya. Kai ne babba, kuma kai kaɗai kake ɗauke da gonarmu ta hawasha da Inna da yaran Baffa. Amma maganar ta kwana mini a ƙirji, ina so kuma ka ji ta bakina kafin ka yanke mini hukunci.

Ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba, kai shaida ne. Da Madani ta faɗi a yaƙin nan a Disambar 2023, asibitin dajin da Baffa yake karɓar magani ya tsaya, ku kuka zauna a rumfar rakuba kuka ce ni zan tafi da shi tunda ni ne marar iyali. Ban taɓa ba ku labarin hanyar yadda take ba, don kada hankalin Inna ya tashi. Mun zaga ta Sinnar da Gadarif da Kasala, muka bi ta Atbara, har Wadi Halfa. A can muka tarar duniya ta taru tana jiran biza, domin tun 10 ga Yunin 2023 Masar ta daina barin kowa ya shiga sai da ita, har mata da yara da tsofaffin da a da ba a tambayarsu. Mutane na kwana a masallatai da makarantu da gindin bango. Baffa yana ramewa a gabana, ba abin da nake iya masa sai fifita.

Ranar da muka tsallaka Ƙustul, kafin a ɗora motarmu a jirgin fito zuwa Abu Simbel, wasu samari da 'yan mata masu jajayen riguna, 'yan ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar ta Masar, suka tarye mu. Wata ta turo keken marasa lafiya, wani ya auna jinin Baffa, wani ya miƙo mini waya ya ce in kira gida. Kiran nan da na yi maka a ranar, da wayarsu ne. Na tambayi ɗayansu nawa ake biyansa, ya ce ɗalibi ne, aikin sa kai ya kawo shi bakin sahara cikin wannan zafi.

Aikin da nake yi yanzu ba nemansa na yi ba. Wata rana muna layin asibiti na ji wata tsohuwa tana ce wa jikarta da Hausa, "Me yake faɗi ne? Ni ban ji ko ɗaya ba." Mutuniyar Damazin ce. Larabcinta na cefane ne, likita kuwa yana ta zuba na Masar da sauri, ita tana gyaɗa kai don kunya, alhali yadda za ta sha magani yake faɗa mata. Na matsa na gaishe ta, na fassara. Ta kama hannuna ta ƙi saki. Daga nan lambata ta shiga hannun mutane.

Yau mun zama 'yar ƙungiya da ko suna ba ta da shi, sai zauren WhatsApp: samarin Jazira da Sinnar da Gadarif, da wasu ɗaliban Azhar 'yan Kano da Damagaram da Maraɗi da ke zaune a Madinatul Bu'us. Muna raka sababbin zuwa ofishin Mufawwadiyya, hukumar 'yan gudun hijira, a birnin Sitta Oktoba su karɓi katin nan rawaya. Muna nuna inda ake wankin ƙoda da rangwame, muna nema wa mai yara ɗaki a Faisal ko Ardul Liwa, muna ba da jini, muna zagayawa da ƙoƙon bara in kuɗin aikin tiyata ya gagari wani. Kuma muna wankan gawa. Ba mai biyanmu. Abin da nake ci da wanda nake turo maka, daga teburin agashe yake fitowa, inda nake tsayawa daga magariba zuwa tsakar dare wajen wani dattijo mutumin Kasala.

Ka tuna 2022, da fitina ta faɗa wa 'yan'uwanmu a Rusairis da Wad al-Mahi, suka iso mana ba ko takalmi? Kai ka fara saɓa buhun dawa. Ka tuna takiyya, wurin ciyar da jama'a, da kuka kafa lokacin da mutanen Madani da Hasahisa suka cika makarantun Managil? Ba wanda ya ce muku kun bar aikinku. Wannan ma gayya ce, Yaya, gonar ce kawai ta yi nisa da gida.

Daga nan ka tsallake wa Inna.

Kun tambaye ni yadda aka yi jana'izar Baffa, na ce muku an yi masa sutura lafiya. Gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Ni na wanke shi da hannuna, tare da wani ɗalibi Badamagare. An sallace shi a masallacin unguwa bayan azahar, jama'ar da suka yi salla suka tsaya, Allah Ya saka musu. Amma ana sallamewa kowa ya ɗauki takalminsa ya kama gabansa. Mu da muka bi motar gawa ba mu cika sahu ɗaya ba. Baffa fa! Wanda in a gida ne sai an rufe kasuwa, sai an zo daga ƙauyukan kambo-kambo a kan jakuna da tarakta, sai angarib ɗinsa, wato makararsa, ya bi kafaɗu har maƙabarta ba wanda aka bari ya riƙe shi taku goma.

Ba mu da kabari. A nan ba a fita da diga da shebur a haƙa kusa da inda maƙwabci ya kwanta. Kabari dukiya ne, ana saye, ana gado, ana tallarsa a Facebook, har da biya kaɗan-kaɗan. Mai kantin magani na ƙasan gidanmu, Bamisire, da ya ga halin da nake ciki, ya kira 'yan'uwansa, ya dawo ya ce sun ba mu wuri sadaka a maƙabartar gidansu. Na yi masa godiya har da hawaye, ban san abin da zan tarar ba.

Mota ta fita da mu hanyar Fayyum, cikin rairayi. Gari guda na gani, da tituna da lunguna da katangu da ƙofofin ƙarfe, kowace ƙofa da kwaɗonta da sunan dangi a rubuce a dutse. Mai kula da wurin, turabi suke ce masa, ya buɗe, ya share ƙasa, ya ɗaga wasu falalen duwatsu. Sai ga matakala tana gangarawa. Aka ce in shiga in karɓe shi. Yaya, ɗaki ne. Ɗaki ginanne a ƙarƙashin ƙasa, mutum yana tsayawa a sunkuye, na maza daban, na mata daban. A kan rairayin ga waɗanda suka riga shi nan jere cikin likkafaninsu, wani ya tsufa ya yi ja, wani ya lotsa, a kusurwa an tattara ƙasusuwan na da. Na kwantar da Baffa ta gefen dama, na fuskantar da shi alƙibla, na kwance ƙulli, na fito. Aka mayar da duwatsu, aka watsa ƙasa a kai, aka sa kwaɗo. Shi ke nan.

Ba lahadu, ba tubali. Ban zuba masa ƙasa da hannuna ba, ban yayyafa ruwa ba. Babu tudun da zan nuna wa 'ya'yansa in ce ga ubanku. In ina son ziyara sai na nemi mai mabuɗi. Kuma duk ranar da aka yi rasuwa a dangin nan, za a sake ɗaga duwatsun, a shiga masa da fitila, baƙon ido ya ga abin da Allah Ya rufa wa asiri. Wannan shi ya fi ci mini rai. Mutum ya gama wahalar duniya, a kai shi makwancinsa, sannan a bar masa ƙofa? Na yi kwanaki abinci ba ya shiga. Har yanzu in na gangara matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa, gabana yakan faɗi.

Sai zaman makoki. Namu a ɗakina muka yi, mu 'yan kaɗan a kan tabarma, muka yi sadakar uku yadda ta samu, da shayi da dabino. Nasu kuwa na sha gani. Ana kafa wata babbar rumfar zane mai ado ta tare titi, ko a kama zauren masallaci haya, a jera kujeru, a ɗaura lasifika, a ɗauko mai karatu da kuɗi, gwargwadon sunansa gwargwadon farashinsa. Daga magariba zuwa bayan isha. Ka shiga ka gaisa da masu gawa a bakin ƙofa, ka zauna, a ba ka gahawa marar sukari, mai karatu yana kai aya ka tashi ka ba wani kujera. Da safe an naɗe rumfa, motoci na wucewa. Dare ɗaya! Ba mai kawo akushi daga maƙwabta, ba mai kwana a tabarma tare da marayu, ba wanda zai taso daga nesa bayan mako ya tsaya a ƙofa ya ɗaga hannu a yi Fatiha. Wasu ma yanzu sukan sanar cewa ta'aziyya ta tsaya a bakin kabari, ko a aiko ta waya. Wanda aka yi wa mutuwa, a rana ta biyu da wa yake kuka?

Ka yi haƙuri da na ƙi barin maganar, ba ni da wanda zan faɗa wa. Na je Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar Alƙahira, don in ziyarci Imam Shafi'i da manyanmu na Malikiyya, Ibnul Ƙasim da Ashhab, da Shehu Suyuɗi wanda ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. A can na ga abin da ya fi na farko. Talakawa da iyalansu suna zaune a farfajiyar kaburbura, mace na girki, ga shanya a igiya, yara na ƙwallo tsakanin matattu. Kuma tun 2020 ana rushe sassan maƙabartar don a shimfiɗa tituna da gadoji, ana ce wa dangi su zo su kwashe ƙasusuwan kakanninsu. Wallahi garin da mai rai ya rasa ɗaki har ya shiga na mamaci, mamaci kuma aka tashe shi don mota ta wuce, akwai abin da ya karye a cikinsa. Mu ji tsoron Allah kada mu kai nan. In wata rana aka zo da maganar yanka filaye a bakin maƙabartarmu, ku tsaya tsayin daka, kada a matsa ko taku ɗaya.

Na kai kukana wajen ɗalibin nan Badamagare, yaro ne mai karatu. Ya ce ba ni na fara ba. Ibnul Hajji, mai littafin Madkhal da Shehu Usmanu yake yawan kafa hujja da shi, a nan Alƙahira ya zauna har ya rasu a 1336, kuma ya yi kakkausar suka ga binne mutane a irin waɗannan ɗakuna. Na ji sanyi da na san babban malami ya riga ni jin wannan zafi. Amma yaron bai tsaya nan ba. Ya ce in duba ƙasar: mutum fiye da miliyan 100 ne a matse a bakin Nilu, abin da ya rage hamada ce, a yankin Delta kuma ruwa na kusa, in an haƙa sai ya tsattsafo. In kowa zai sami irin kabarinmu, gonar da ke ciyar da masu rai za ta ƙare. Shi ya sa malamansu suka ba da fatawar larura, da sharaɗin a raba maza da mata, a sa shamakin ƙasa tsakanin mamaci da mamaci. Sannan ya ce in tuna mutumin da ya buɗe wa baƙon da bai san asalinsa ba ɗakin da ubansa yake kwance, inda shi ma zai kwanta. Ya tambaye ni, a cikinmu wa ya taɓa kyauta irin wannan?

Na rasa amsa. Hankalina ya karɓa, zuciyata ta ƙi, har yau kuma ba su shirya ba. Ina yi wa mai kantin nan addu'a a kowace salla, ina kuma roƙon Allah kada Ya ɗauki raina a ƙasar nan.

Daga nan ka ci gaba da karanta wa Inna.

Ga abin da ya riƙe ni. Mutanenmu na rasuwa a nan, ba su da makwanci irin na gida. Bayan Baffa mun bincika, muka gano a sababbin maƙabartun bayan gari ana samun filin da ake haƙa lahadu, mutum ɗaya rami ɗaya. Da tsada, kuma tun da aka karya darajar fam a Maris 2024 komai ya hau. Muna tarawa, kowa abin da ya samu, matan da ke sayar da kisra da godo-godo sun fi mu maza bayarwa. Mun biya wani kaso, da saura. Takardun a hannuna suke, ni kuma na san ƙofofin da ake bi a sami izinin binnewa daga ofishin lafiya da takardar ofishin jakadanci kafin gawa ta daɗe a firji. Tsofaffinmu da suka zo magani, da yawansu ba za su sake ganin gida ba, su ma sun sani. Wata ta ce mini, "Ɗana, kai za ka tsaya a rufe ni yadda aka rufe uwata." In na hau jirgi gobe, wa zan bar mata?

Kada ka ce na zage mutanen Masar tas. Akwai abin da na gani a wurinsu da dole in faɗa, ko ba na so. Sun iya tsara alheri. Akwai ƙungiyar Risala, ɗaliban injiniya na Jami'ar Alƙahira suka fara ta a 1999 tare da malaminsu Dakta Sharif Abdul'azim. Yau rassanta sun bazu a ƙasar, suna tattara tsofaffin tufafi su wanke su goge su jera don mabuƙaci ya zaɓa da kansa, suna koyar da marayu, suna buga wa makafi littattafai. Asibitin yara masu ciwon daji, 57357, da aka buɗe a 2007, da sadakar jama'a aka gina shi, kuma kyauta yake magani. A Aswan, Dakta Majdi Yaƙub, Kirista ne, ya kafa cibiyar aikin zuciya a 2009, ita ma ba a biya. Ranar 15 ga azumi mutanen Maɗariyya sukan jera tebura a lungunan unguwarsu su ciyar da dubbai.

Amma ai wannan rana ɗaya ce. Sauran teburan buɗe-baki na rahama na talaka ne da matafiyi, mai hali a bayan ƙofarsa yake shan ruwa. Ina za a haɗa da namu, da kowane gida ke fito da tire, attajiri da lebura gwiwa da gwiwa, dattawa su tare titi da rawani su tilasta wa direba sauka? Kuma sadakarsu akwai son hoto. Da azumi talabijin cike take da fuskokin yara marasa lafiya ana roƙo da su. Mu da aka koya wa kai wa maƙwabci hatsi da dare don kada ya ji kunya, wannan yana mana nauyi.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce. Namu alherin yakan taso da zafi ya huce da wuri. In abin tausayi ya faru kowa ya zo, bayan wata guda a nemi mutum a rasa. Su suna da littafi. Sunan kowane maraya a rubuce, ranar da za a koma masa a rubuce, wanda ya karɓi kuɗi ya ba da rasit, in mai aiki ya tafi wani ya buɗe littafin ya ɗora daga inda aka tsaya. Na koyi wannan, shi kuma nake so in kawo gida. Da muna da irinsa, da gayyar yashe magudanar Abu Ishirin ba ta zama rigima kowace shekara ba, da kuma mun san yawan marayun da yaƙin nan ya bar mana a kambo-kambo. Matansu ma, ban san yadda zan ce maka ba. Budurwa za ka gani tana jagorantar maza wajen rabon kaya, da lulluɓinta da kamun kanta, ba mai ɗaga mata murya. Har yanzu abin bai gama kwanta mini ba. Amma in na gan su sai in tuna 'yar Baffa ta biyu, da irin kan da Allah Ya ba ta, da makarantar da yaƙi ya katse mata. Kada a yi gaggawar aurar da ita, Yaya, ina roƙo.

Kada kuma ka ɗauka daɗi nake ji. Yaran unguwa sukan bi mu da sunaye saboda launin fata. Masu gidaje sun ƙara haya, sannan a ce mu muka jawo tsada. Wanda takardar zamansa ta ƙare yana tafiya yana waiwaye. Abin mamaki, a nan ba mai tambayata ƙabila. Basudane kawai suke gani, da ɗan Shandi da ɗan Niyala da ni duk ɗaya muke a idonsu. Sai da na bar ƙasata aka kira ni da sunanta ba tare da an nemi takardar kakan kakana ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda gari yake shiga jikin mutum. Yanzu da rana ma ƙofata a kulle take, kamar ta kowa. Ana wuce juna a matakala da sallama ɗaya, ba a tambayar iyali. Yaran mutanenmu da suka zo suna jin Hausa, in ka yi musu magana da harshen Masar suke amsawa. In na rufe teburin agashe da tsakar dare, hayaniyar Faisal ba ta kwanta ba, sai kewa ta taso mini: kukan kwaɗi a tur'a, tuwon dawar Inna da miyar kuka, sanyin asuba lokacin ban ruwan alkama. Wani lokaci har in fara haɗa kaya.

Sai in tuna su kaka. Bayan yaƙin Burmi a 1903 wasu suka biyo shugabansu Mai Wurno gabas. Wasu daga baya suka taso da niyyar Makka, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, suka tsaya tsintar auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, suka matso Managil da aka faɗaɗa aikin noman a ƙarshen shekarun 1950. Su ma akwai waɗanda suka bari a Sakkwato da Kano da Haɗeja suna aiko da tambayar yaushe za su dawo. Da yawa sun faɗi a hanya. Ka san Kaka takan ce ta bar ɗa a wani gari a Wadai da ko sunansa ba ta riƙe ba, wani Bahaushe da ya riga su zama a wurin shi ya haƙa, shi ya sallata. Mutumin nan ma yana da gidan da ake jiransa. Ban ce na kai shi ba. Amma da bai tsaya a zangon nan ba, da wa zai rufe mata ɗanta?

Ban ce ba zan dawo ba. Akwai samari biyu da nake koya wa wanka da bin takardu, ɗaya ɗan garin Mai Wurno ne, hannunsa ya fara faɗawa. In mun kammala kuɗin filin na miƙa musu littafi, niyyata in taho bayan ƙaramar salla in Allah Ya kai mu. Ba zan sa rana ba, don kada in sa Inna ƙirga. Girbin dawa da shukar alkama za su wuce ni, na sani, nauyin kuma kanka zai sauka. Na turo abin da ya sawwaƙa ta manhajar Bankak, ka ɗauki 'yan ƙodago da shi a madadina, abin da ya rage a saya wa yaran Baffa rigunan sanyi. Rabona na dawar bana a ba mahaifiyarsu.

Abu ɗaya nake roƙo, wannan ma ka tsallake wa Inna. Ka je wajen Malam kai kaɗai, ka karanta masa wurin nan da ka tsallake wa Inna, ka tambaye shi: in mun sami filin, ya halatta a ɗauko Baffa a mayar da shi lahadu, ko barinsa ya fi? Masu wurin sun ce ba za su hana ba, amma ba na so in taɓa shi sai da fatawa daga gida. Ya rubuto amsar da hannunsa, ka ɗauki hotonta ka turo mini.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta yafe mini, ta ci gaba da sa mini albarka. Maganinta na hawan jini yana cikin ƙunshin da yaron zai ba ka, na wata uku ne, ɗaya da safe bayan ta karya. Ka gai da Gwaggo da Kawu, da uwargida da yara, da matar Baffa, da liman, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam.

Ƙaninka.